Yadda Iyaye a Makka da Jidda Za Su Kare Lafiyar Matasansu Daga Illar Jawwal

A gidajen Hausawa mazauna Makka da Jidda da Madina kukan iyaye kusan iri ɗaya ne: yaro ya kwana a kan jawwal, ya ƙi tashi da asuba, ya tafi makaranta idanu jawur, ya dawo ya kwanta har magariba, sannan ya farka ya ɗora daga inda ya tsaya. Maganin da aka fi garzayawa gare shi shi ne ƙwace wayar. Ni ma na taɓa yin haka ga babban ɗana lokacin yana da shekara 15, na kulle wayarsa a akwati na tsawon mako biyu ina ganin na yi maganin abin, ashe tun a dare na biyu ya tono wata tsohuwar wayar mahaifiyarsa ya haɗa ta da intanet ɗin gida. Abin da kawai na samu shi ne ya daina gaya mini komai. Matakan da ke tafe sun fito ne daga abin da na koya bayan wannan, kuma jerinsu yana da dalili, domin wanda ya fara da mataki na biyar kafin na biyu zai sha wahalar banza.

Mataki na farko: a auna kafin a yanke hukunci

A ɗauki mako guda cur ba tare da an hana komai ba. Kowace wayar zamani tana ƙirga lokacin da aka ɓata a kanta: a iPhone ana samun wannan a Screen Time, wanda wayar da aka saita da Larabci take kira Muddat Istikhdamil Jihaz, a wayoyin Android kuwa yana cikin saituna a sashen kula da amfani da waya. A ƙarshen mako a zauna da yaron a duba abu uku: jimillar sa'o'i a rana, manhajar da ta fi cin lokacin, da kuma adadin abin da ya faɗo tsakanin ƙarfe goma sha ɗaya na dare da asuba. Na ukun ya fi sauran muhimmanci. Uba da uwa su ma su buɗe nasu a gaban yaron, ko da kuwa abin da zai fito zai ba su kunya, domin matashi ba ya karɓar doka daga wanda ya raba dare yana sauraren muryoyin WhatsApp daga Kano.

Lambar da za a riƙe a zuciya ita ce sa'o'i uku. A watan Mayu na 2023 babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi inda ya kawo binciken da ya nuna cewa yara 'yan shekara 12 zuwa 15 da ke wuce sa'o'i uku a rana a shafukan sada zumunta sun ninka sauran haɗarin samun alamun baƙin ciki mai tsanani da fargaba. Sai dai kada wannan ya sa a ɗauki kowane yaro mai waya a matsayin majinyaci. Masu bincike Amy Orben da Andrew Przybylski sun nuna a 2019 cewa idan aka haɗa dukkan matasa wuri guda, alaƙar da ke tsakanin waya da rashin walwala ƙarama ce. Illar tana taruwa ne a kan wasu yaran, a wasu shekarun. Wani aikin da Orben ta jagoranta a 2022 a Birtaniya ya gano cewa 'yan mata sun fi rauni tsakanin shekara 11 da 13, samari kuma tsakanin 14 da 15. Saboda haka yarinyar da ke farkon mutawassiɗa, wato ƙaramar sakandare, ta fi bukatar sa ido fiye da yayarta da ke shirin gama sanawiyya, wato babbar sakandare, ko da sa'o'insu ɗaya ne.

Mataki na biyu: a ƙwato dare

Idan iyaye ba za su iya yin komai daga cikin wannan rubutu ba sai abu ɗaya, to su yi wannan. Yawancin abin da muke gani a matsayin rashin kunya, saurin fushi, mantuwa, faɗuwar maki da ciwon kai na safe, rashin barci ne ya sa rigar wani abu. Likitocin barci sun daidaita a kan cewa matashi ɗan shekara 13 zuwa 18 yana bukatar sa'o'i 8 zuwa 10 a kowace rana. Sai a yi lissafi da jadawalin ƙasar da muke ciki. Makaranta tana buɗewa wajen ƙarfe bakwai daga Lahadi zuwa Alhamis, asuba kuma a Makka tana shiga tun wajen ƙarfe huɗu da 'yan mintuna a tsakiyar zafi, ta kai kusan shida saura a lokacin sanyi. Yaron da zai tashi ƙarfe biyar da rabi, in ana son ya samu sa'o'i takwas kacal, dole barci ya ɗauke shi ƙarfe tara da rabi. A garin da kasuwa ba ta fara ci sai bayan isha'i, kuma baƙi suke sallama ƙarfe goma, wannan ba ƙaramin aiki ba ne, shi ya sa nake ganin ƙarfe goma da rabi tare da ɗan barcin rana shi ne abin da gida na gaskiya zai iya riƙewa.

Ya kamata a san cewa yaron ba da gangan kaɗai yake ƙin barci ba. Da zarar balaga ta zo, agogon jiki yana jinkirta sakin sinadarin melatonin mai kawo gyangyaɗi, har matashi ya ji idonsa biyu a lokacin da ƙanensa ɗan shekara takwas ya daɗe da yin nisa. Waya tana ƙara wa wannan jinkiri nauyi ta hanyoyi uku: haskenta yana gaya wa ƙwaƙwalwa cewa gari bai yi duhu ba, abin da ake gani a ciki yana tayar da hankali ko sha'awa, sannan saƙonni suna katse barcin bayan an samu ya zo. Gilashin tace haske ko mayar da fuskar waya ruwan ɗorawa yana rage ta farko kaɗan, amma ba ya taɓa sauran biyun.

Ga yadda za a yi. A ware wuri ɗaya a falo ko a ɗakin iyaye inda duk wayoyin gida suke kwana a caji, har da ta Baba. A sa lokacin ajiya ya zama sa'a guda kafin lokacin kwanciya. Uzurin da za a fara ji shi ne, "Baba, da ita nake tashi," saboda haka kafin a kafa dokar a biya shagon kaya masu araha da ake kira Abu Riyalen a sayo agogo mai ƙararrawa. Idan yaron ya saba barci ƙarfe biyu na dare, kada a ce yau-yau ya koma goma da rabi, domin zai kwanta ne yana juyi ya tashi da ƙiyayyar tsarin gaba ɗaya. A riƙa jawo lokacin da rabin sa'a duk bayan kwana uku, cikin mako uku za a isa inda ake so. Lokacin tashi shi ne ginshiƙi: a tsayar da shi, a buɗe labule hasken safiya ya shiga ɗakin, domin hasken safe ne yake jawo agogon jiki baya.

Abu biyu suna rushe wannan aiki a ɓoye. Na farko shi ne dogon barcin bayan makaranta, wanda ake farawa ƙarfe biyu da rabi a ƙare da kiran magariba. Wanda ya yi wannan ba shi da abin da zai kwanta da shi da dare. A taƙaita ƙailula zuwa minti 20 ko 30, kuma ta ƙare kafin la'asar. Na biyu shi ne shayi da gahawa da lemon ƙara kuzari na gwangwani da samari ke saya a bakala, wato kantin unguwa. Rabin maganin kafeyin da aka sha yana nan a jini bayan kimanin sa'o'i biyar, don haka kofin bayan magariba yana aiki har tsakar dare. Saudiyya ta ɗora wa irin wannan lemo harajin kashi 100 tun 2017, amma tsada ba ta hana yaranmu sha ba. A daren Alhamis da na Juma'a a yi sassauci, amma kada ya wuce sa'a ɗaya ko biyu, in ba haka ba kowace Lahadi sai an sake aikin daga tushe. Gidan da ke neman hujja daga addini yana da ita a hannu, domin ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana ƙin barci kafin isha'i da hira bayanta.

Mataki na uku: a gyara wayar tare da mai ita

Bayan dare ya daidaita, sai a juya ga wayar kanta, kuma a yi aikin yaron yana zaune yana gani. A fara da ranar haihuwa. Dokar TikTok da Instagram da Snapchat ita ce shekara 13, kuma duk kariyar da suka tanada wa matasa tana rataye ne a kan shekarun da aka rubuta ranar buɗe shafi. Da yawa daga cikin yaranmu sun ƙara wa kansu shekaru, don haka kamfanin yana ɗaukar yarinya 'yar 13 a matsayin mace 'yar 25, yana tura mata abin da yake tura wa manya. A gyara wannan, ko da zai kai ga rufe shafin a buɗe sabo.

Daga nan sai a kunna abin da kowace manhaja ta tanada. TikTok yana da Family Pairing mai haɗa wayar uba ko uwa da ta yaro, kuma tun 2023 yana tsayar da 'yan ƙasa da 18 bayan minti 60 a rana, ko da yake yaro yana iya wucewa da kansa in iyaye ba su riƙe lambar sirrin ba. Instagram ya fito da shafukan matasa a 2024, waɗanda suke a rufe ga baƙi kuma suke yin shiru daga ƙarfe goma na dare zuwa bakwai na safe, 'yan ƙasa da 16 kuma ba sa iya sassauta su sai da izinin iyaye. Snapchat, wanda shi ne sarki a ƙasar nan da masu amfani sama da miliyan 20, yana da Family Center, inda iyaye suke ganin da wa yaro yake magana ba tare da sun ga abin da aka faɗa ba. A Snapchat ɗin kuma a shiga taswira a kunna Ghost Mode, domin in ba haka ba abokai, har da waɗanda bai taɓa gani da ido ba, suna iya sanin unguwar da yaron yake. A kan wayar gaba ɗaya, Family Link na Google da Screen Time na Apple suna ba da damar sa iyaka ga kowace manhaja da kuma rufe ta a lokacin barci. A bar manhajar karatu ta Madrasati da kiran waya da zauren ajinsu a buɗe.

Sai a kashe sanarwar duk wata manhaja da ba mutum ne yake kira ba. Yana da kyau a bayyana wa matashi dalilin hakan da harshen da zai girmama hankalinsa: waɗannan kamfanoni da talla suke cin abinci, tallar kuma da lokacinsa ake biyanta, shi ya sa bidiyo ba ya ƙarewa sai wani ya hau, shi ya sa Snapchat yake ƙirga kwanakin da abokai biyu suka jera suna tura wa juna hoto har yaro ya ji kamar asara ce ya tsallake rana ɗaya. Sashen ƙwaƙwalwa mai taka wa mutum birki ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, alhali sashen da ke son yabo da karɓuwa ya riga ya kunnu tun farkon balaga. Na lura matasa sun fi karɓar wannan bayani fiye da wa'azi, domin babu saurayin da yake son a ce wani yana juya shi kamar waina.

Ban goyi bayan a dasa wa yaro manhajar leƙen asiri a ɓoye ba. Ranar da ya gano, kuma zai gano domin ya fi mu sanin wayar, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Mataki na huɗu: a san abin da yake kallo, a kuma ji yaren da ake yi masa magana da shi

A nan ne halinmu ya bambanta da na iyayen da ke gida Najeriya ko Nijar. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan da Larabcin Hijaz suke rayuwa a waya, da gajerun kalmomi da ba'a irin ta 'yan makaranta, yayin da uwa da yawa Larabcinta na kasuwa da Harami ne. Ana iya zagin yarinya a gaban mahaifiyarta, a rubuce, uwar tana kallo ba ta gane ba. Maganin wannan shi ne a mayar da yaro malami. Sau ɗaya a mako a zauna minti goma sha biyar a ce, "Zo ki nuna mini abin da ya ba ki dariya a makon nan, ki fassara mini." Kada a yi tsaki, kada a yi wa'azi a zaman farko ko na biyu. Abin da manhajar take jero mata shi ne madubin abin da ta daɗe tana kallo, kuma minti biyar na gungurawa tare ya fi tambaya ɗari.

Abin da za a sa wa ido ga 'yan mata shi ne yadda suke ganin jikinsu. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida na kamfanin, a ciki har da binciken da kashi 32 cikin ɗari na 'yan mata matasa suka ce idan suna jin ba daɗi game da jikinsu, Instagram yana ƙara musu jin hakan. Ga 'ya'yanmu akwai ƙarin nauyi na launin fata. Matatar hoto ta Snapchat tana haska fuska, ta sirance hanci, ta ƙara girman ido, har yarinya ta saba da wata fuskar da ba tata ba, ta koma jin kunyar wadda take gani a madubi. A gefe guda kuma akwai masu jifan baƙar fata da kalmomin ƙasƙanci a ƙarƙashin hotuna, ko su mayar da kalmar Takaruni, sunan da ake kiran 'yan asalin Afirka ta Yamma da shi a nan, abin gori. Daga nan zuwa man bilicin taki ɗaya ne, kuma masu sayar da haɗin da ake kira khalɗa suna nan cike da shafukan, suna kawowa har ƙofar gida. Irin wannan haɗi marar rajista sau da yawa yana ɗauke da sinadarin makuri mai lalata ƙoda da jijiyoyi, ko maganin kotizon mai ƙarfi da ke sirance fata ya bar ta da nankarwa da ƙuraje, kuma Hukumar Abinci da Magunguna ta Saudiyya ta sha yin gargaɗi a kansa. Uwa ta duba kwalaben da ba su da suna a ɗakin 'yarta, ta kuma duba nata teburin, domin yarinya ba za ta yarda baƙinta kyakkyawa ne ba matuƙar tana ganin Umma tana shafa abin da zai kore shi.

Ga samari abin yakan zo ta wata fuska: bidiyon masu ƙirar jiki da ke tallar gari da allurar ƙara tsoka, sigarin lantarki, wasan mota na ganganci, da wasannin intanet da ake sayen kaya a ciki da katin banki na mada na uba. A cire katin banki daga wayar yaro. Aikin da za a yi tare a ƙarshen kowane zama mai sauƙi ne: duk shafin da yaro ya ce yana barinsa da ƙunci ko jin bai kai ba, a daina binsa, a danna alamar ba a so a kan irin bidiyon, domin manhajar tana koyo daga wannan kamar yadda take koyo daga kallo.

Mataki na biyar: a yi alkawari kafin ranar masifa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun babu abin da ya faru, uba ko uwa su faɗa wa yaro da baki, ido cikin ido: "Duk ranar da wani ya tsoratar da kai a waya, ko da kai ne ka fara yin kuskure, ka zo wurina. Ba zan dake ka ba, ba zan ƙwace wayar a ranar ba, kuma ba zan kai maganar wurin dangi ba." Wannan alkawari yana da nauyi a kan uba Bahaushe, na sani, amma da shi ake karya makamin mai ibtizaz, wato wanda yake samun hoto ko sirrin yaro ya riƙa yi masa barazanar watsawa sai an ba shi kuɗi ko ƙarin hotuna. Jarinsa ɗaya ne, shi ne yaron ya fi tsoron mahaifinsa fiye da shi. Kada a ɗauka 'yan mata kaɗai ake yi wa. Samari ma ana yaudararsu da shafi mai hoton mace, a karɓi hoto, cikin mintuna a fara neman kuɗi.

Idan abin ya faru, kada a biya ko riyal ɗaya, domin biya yana jawo ƙarin bukata. Kada a goge hirar. A ɗauki hoton fuskar waya na saƙonnin da sunan shafin da lambar waya ko asusun da aka ce a tura kuɗi, in a Snapchat ne a ɗauka da wata wayar daban tunda yana sanar da ɗaya ɓangaren. Bayan an adana shaida sai a kai rahoton shafin a cikin manhajar, a toshe shi. Ana shigar da ƙara ta manhajar hukumar tsaro mai suna Kulluna Amn ko a ofishin shurɗa, wato 'yan sanda, mafi kusa, akwai lambar 1909 ta yaƙi da ibtizaz, akwai kuma layin taimakon yara, 116111, wanda yaro ko iyayensa za su iya kira don neman shawara. Idan hoton na wanda bai kai 18 ba ne, shafin Take It Down yana taimakawa wajen hana yaɗuwarsa a manyan manhajoji ba tare da hoton ya bar wayar ba. Dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya da tarar da za ta iya kai riyal 500,000 ga mai ibtizaz da mai ɓata suna da mai keta sirrin mutane da kyamarar waya.

Wannan doka kaifi biyu gare ta, kuma dole yaranmu su sani. Saurayin da ya ɗauki bidiyon faɗa a ƙofar makaranta ya watsa, ko ya ɗauki wata a kasuwa ba da saninta ba, ko ya tura hoton ɗan ajinsu da zagi, ya shiga ƙarƙashinta. Ga wanda yake zaune da igama, wato takardar izinin zama ta baƙo, hukunci irin wannan yana iya ƙarewa da fitarwa daga ƙasar, abin da ɗan ƙasa abokin wasansa ba zai fuskanta ba.

Mataki na shida: a cike gurbin da aka buɗe

Sa'o'in da aka karɓe daga waya in ba a zuba musu wani abu ba, wayar za ta dawo ta cike su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 na motsa jiki mai sa haki a kowace rana, kuma ƙididdigarta ta 2019 ta nuna sama da kashi 80 cikin ɗari na matasan duniya ba sa samun haka. A garin da zafi yake haura digiri 40 watanni a jere, lokacin fita shi ne bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya. A Jidda rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021 ya watsa iyalai da yawa daga tsofaffin unguwanni kamar Sabil da Karantina da Gulail, yaran da suka tashi suna ƙwallo a lungu ɗaya suka wayi gari kowa a wani gefen gari, waya ta zama ita kaɗai ce unguwar da ta rage musu. Wanda ya hana irin wannan yaro waya bai kai shi wurin abokansa ba ya zalunce shi. Iyaye uku ko huɗu su haɗa kai su riƙa karɓa-karɓar kai yara filin ƙwallo ko bakin teku ranar Asabar, a sa su halƙar tahfizi a masallacin unguwa, uwa kuma ta fita tattaki da 'yan matanta a mamsha, wato hanyar da aka ware don tafiya a ƙasa, tunda su ne suka fi zama a ɗaki kuma ƙarancin sinadarin bitamin D ya yawaita a ƙasar nan duk da yalwar rana.

Ido da kunne ba sa bukatar dogon bayani. Duk minti 20 na kallon waya a ɗaga kai a dubi abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20, kuma zama a waje cikin hasken rana yana rage haɗarin raunin hangen nesa ga yara. Abin sauraro na kunne kada ya wuce kashi 60 na ƙarfin murya. In na kusa yana jin abin da ke fita, ya yi yawa.

Mataki na bakwai: a san lokacin da abin ya fi ƙarfin gida

Binciken da ofishin Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya ya fitar a 2024, a kan yara kusan 280,000 a ƙasashe da yankuna 44, ya nuna masu amfani da shafukan sada zumunta ta hanyar da ta zama matsala sun tashi daga kashi 7 a 2018 zuwa kashi 11 a 2022, 'yan mata kashi 13, samari kashi 9. Abin da ake nufi da matsala shi ne yaro ya kasa dainawa ko da yana so, ya shiga ƙunci in babu wayar, ya yi watsi da karatu da abinci da mutane saboda ita, ya riƙa ƙarya a kan lokacin da ya ɓata. Idan an yi wata guda ana bin matakan nan wannan hali bai sassauta ba, ko kuma aka ga baƙin ciki ko janyewa daga mutane ya wuce mako biyu, ko rama mai sauri da ƙin abinci, ko tabon yanka a hannu da cinya, sai a nemi likita. A fara da mustausaf, wato ƙaramin asibitin unguwa, ko a kira 937 na Ma'aikatar Lafiya, ko 920033360 na cibiyar ƙasa ta kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Yaron da ya ambaci mutuwa ko kashe kansa, ko cikin wasa ne, ba a barinsa shi kaɗai, a kawar da magunguna daga inda hannunsa zai kai, a kai shi sashen gaggawa a ranar, in ya riga ya sha wani abu a kira motar ɗaukar marasa lafiya ta Hilal Ahmar a 997. Mun saba danganta irin wannan sauyi ga kambun baka ko iska. A yi ruƙiyya da addu'a, babu mai hanawa, amma a yi su a hanyar zuwa asibiti.

Tsarin da aka kafa zai karye sau uku a shekara: a Ramadan lokacin da gari duka yake kwana a farke, a dogon hutun zafi, da kuma lokacin aikin Hajji da iyaye da yawa suke yini su kwana a wurin neman abinci. Kafin kowanne ya shigo a zauna a sake yanka lokacin ajiye waya da ya dace da shi, a damƙa lambar sirrin a hannun babba ɗaya da zai kasance a gida, kaka ce ko gwaggo. Idan saura kwana goma a koma makaranta, a fara jawo lokacin barci da rabin sa'a duk kwana biyu, a mayar da wayoyi wurin kwanansu a falo tun daren farko.